Rakiyar Mai Dabino

Ni tela ne, kuma tela ba mutum ne mai tafiya ba. Tun ina saurayi nake zaune a bayan keke, a ɗaya daga cikin shagunan da ke jere a gefen titi a Magama, kafin a kai shingen iyaka. Da can ƙafafuna suna ɗan samun aiki, don keken na takawa ne. Da Allah ya hore sai na sa masa inji na haɗa da sola, ƙafafun suka yi ritaya. Bayan nan na sayi babur. Daga gida zuwa shago a kansa, daga shago zuwa kasuwar Jibiya sayen zare a kansa, ko gaisuwar mutuwa a bayan layinmu sai na tayar da shi. Tumbi ya fito, mutane suka ce na samu kwanciyar hankali, ni ma na yarda. Duk ƙugun da ke Magama na auna shi da tef ban da nawa, don ni wando mai zariya nake sawa, kullum sai dai in ƙara sassautawa.

Yayana, wanda muke ciki ɗaya, direban babbar mota ne, ya yi shekara da shekaru yana hanyar Maraɗi. Ciwon suga ya kama shi bai sani ba, sai da wani ɗan ƙurji ya fito masa a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Aka yi na gida, aka yi na kemis, daga ƙarshe aka kai shi Katsina aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da ya dawo, matarsa ta aiko mini da wandunansa a ƙulle cikin zane. Na zauna na rage ƙafa ɗaya a kowanne, na ɗinke bakin. Aiki ne mai sauƙi, amma ban taɓa yin ɗinkin da ya ɗauke ni lokaci kamarsa ba.

Ni nake kai shi wankin ciwo a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Ma'aikaciyar da ke duba shi 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, ta daɗe a nan har Hausarta ta fara karkata irin tamu. Wata rana tana cikin naɗa masa bandeji sai ta ɗago kai ta dubi cikina. Ba ta ma dubi fuskata ba.

"Baba Tela, kai ma ka zo gobe da safe. Kada ka ci komai."

Na ce lafiyata ƙalau. Ta ce ai shi ma yayan nawa haka yake cewa. Na je, ta huda mini yatsa, daga baya ta sa aka ɗebi jini aka kai gari. Da sakamako ya fito, ta ce ciwon bai kama ni ba tukuna, amma sugan da ke jinina ya wuce na mai lafiya. A bakin ƙofa nake. In na ci gaba da zama yadda nake zan shiga, in na gyara ana iya komawa baya. Na tambaye ta maganin da zan saya, ta ce babu, a yanzu dai. In rage tuwo, in yawaita ganye da wake, in bar lemon kwalba da shayi mai zaƙi, sannan kullum in yi tafiya a ƙasa, tafiya mai sauri, har sai na ji gumi.

Na ji tsoro ƙwarai. Na fito na tarar da yayana a benci, sandunansa a jingine da bango, yana jira in ɗora shi a babur. Na dubi inda ƙafarsa ta tsaya, na dubi nawa guda biyu. Na ɗora shi muka kama hanyar gida.

Na abinci bai ba ni wahala yadda na zata ba. Mai ɗakina mace ce mai son a ba ta doka ta zartar. Tun ranar malmalar tuwona ta koma rabi, miya ta ƙaru, kwaɗon zogale da na rama suka zama na kullum. Furar da nake sha da rana aka daina zuba mata suga, aka kuma canza mini kwano zuwa ƙarami. Idan na yi ƙorafi sai ta ce in je in faɗa wa 'yar Kaduna. A asibitin kuma akwai wani zama da ake yi lokaci zuwa lokaci a ƙarƙashin rumfa, masu suga da waɗanda ke bakin ƙofa irina, maza a benci ɗaya mata a ɗaya, kowa ya faɗi abin da ke damunsa. A nan na ji cewa zuma ma zaƙi ce, kuma shan ruwan ɗaci bayan an ƙoshi ba ya goge abin da aka ci. Babu wanda bai taɓa gwada ruwan ɗacin ba a rumfar nan, har da ni.

Tafiyar ce ta gagara. Ranar farko na bar babur a zaure na fito da ƙafa. Ban kai ƙarshen layi ba wani ɗan acaɓa ya ci burki a gabana.

"Baba, mi ya samu mashin ɗin?"

Na ce lafiyarsa lau.

"To hau in kai ka."

Na tsaya na yi masa bayani, tun daga hudar yatsa har zuwa bakin ƙofa. Ya saurara da ladabi, ya girgiza kai.

"Subhanallahi. Ba ka da lahiya kuma kana tahiya ƙasa? Hau, don Allah."

Na ce ai ciwon bai kama ni ba tukuna.

"To in ba ka da ciwo, mi za ya sa ka wahal da kanka? Hau."

Ta kowace hanya aka bi, hawa ne ƙarshenta. A wurinmu marar lafiya ɗaukarsa ake yi, mai lafiya kuma in ya kai shekaruna, ga furfura ga sana'a, ba a barinsa ya taka ƙasa ana kallo. Rabin 'yan acaɓan Magama ni na ɗinka musu kayan salla, wasu ma tun suna yara. Idan ka ƙi na farko, na biyu zai tsaya. Idan ka ƙi na biyu, na uku zai zata rigima kuka yi da na biyun. Akwai wanda ya bi ni a hankali, yana jan ƙafafunsa a ƙasa yana roƙona, har mutane suka fara leƙowa daga shaguna su ga abin da na yi masa. Na hau.

Kafin a jima magana ta zaga cewa na sayar da babur. Lokacin kasuwa ta yi sanyi, don ana yawan rufe iyakar nan a buɗe, saboda haka ba wanda ya yi mamaki. Wata maƙwabciya ta shigo wurin mai ɗakina ta zauna ta yi ta zagaye, daga ƙarshe ta ce kowa da irin jarrabawarsa. Wani ya aiko da shinkafa da mai, abin da aka ce in rage ke nan. Shi kansa yayana ya kira ni gefe ya ce in abubuwa sun matse in faɗa masa, ba a ɓoye wa ɗan'uwa. Na fito da babur na ajiye shi a ƙofar gida don a gani. Aka ce ashe lalacewa ya yi.

Na duba wasu hanyoyin. Ma'aikatan iyaka suna fita gudu da safe cikin gajeren wando, ba mai tsayar da su, amma su baƙi ne kuma aikinsu ne. Ni da gemuna in shiga bayansu, da 'ya'yana mata ba su ƙara fita unguwa ba. Hanyar gona ta wajen Daddara da ta dace, ba mutane ba babura, amma a shekarun nan mai hankali ba ya bin ta shi kaɗai ba dalili. Na gwada zagaya tsakar gida. Tsakar gidanmu kuwa daga rijiya zuwa madafi ne, ga kaji, ga igiyar shanya. Ina zagayawa mai ɗakina tana zaune tana tsince wake tana bina da ido, har ta tambaye ni ko wani abu ne ya faɗi ta taya ni nema. Na daina.

Da na koma gwaji, 'yar Kaduna ta ce sugan bai ƙaru ba, amma bai sauka ba. Ta ce rage abinci kaɗai ba zai ishi mutumin da ke wuni a zaune ba. Na ba ta labarin 'yan acaɓa, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce ita dai ba ta da allurar wannan. Na dawo shago na zauna a bayan keke, raina ba daɗi.

A inuwar rumfar shagona akwai wani tsoho da ke kasa dabino da cuku a babban faranti. Mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye can bayan shinge. Kullum da safe ɗan kabu-kabu, wato acaɓan can, yake kawo shi, bayan la'asar ya dawo ya ɗauke shi. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Tela. Mun yi shekaru a haka, kuma in aka tara duk maganar da ya yi mini a shekarun nan ba za ta kai wadda mai facin da ke gefenmu yake yi a wuni ɗaya ba. Shi ke dafa mana shayi irin nasu, a 'yar buta a kan gawayi, mu sha ni da shi da mai faci da duk direban da ya zauna. Ranar da na faɗa wa majalisar abin da aka ce mini a asibiti, kowa ya kawo shawara, wannan ya ce saiwar kaza, wancan ya ce ai duk tsoratarwa ce. Tsohon ya ci gaba da fifita gawayinsa. Sai dai daga ranar ya riƙa tsiyaya mini nawa kafin ya zuba suga a butar. Shayin da ba suga ba ya riƙe kumfa, shi kuwa a wurinsa miƙa wa mutum shayi ba kumfa abin kunya ne, don haka in zai ba ni sai ya kau da kai kamar yana kallon titi.

Yana nan zaune duk lokacin da ake sauke ni daga acaɓa a ƙofar shago. Yana nan ranar da na dawo daga gwaji na biyu na faɗa wa mai faci yadda aka yi.

Bayan kwana kaɗan, mun dawo daga sallar la'asar, ya tattara dabinonsa ya rufe farantin da ƙyalle. Na duba titi ban ga ɗan kabu-kabunsa ba. Ya miƙe ya tsaya a kaina.

"Tela, kai ba ka raka baƙo?"

Mutumin da ya shekara nawa a inuwata, yau ya zama baƙo. Na zata wasa ne, amma shi ba ya wasa. Na tambaye shi ina mai ɗaukarsa.

"Na bar hawa da maraice. Yana girgiza mani baya."

Ya miƙo mini farantin. Ba a barin baƙo da kaya, sai na karɓa, na ja ƙofar shago, muka kama hanyar shinge.

Tafiya ce mai ɗan nisa, ta gefen tirelolin da ke jere suna jiran a sallame su. Ina ta sauraron ƙarar burki. Ɗan acaɓa na farko ya taho, ya rage gudu, ya dube mu, ya ga tsoho a gaba, ya gan ni da farantinsa a hannu. Ya ɗaga hannu ya ce a sauka lafiya, ya wuce. Na biyu ma haka. Har muka kai shinge ba wanda ya ce in hau. Abin da na sani ne tun ina yaro amma ban taɓa tunaninsa ba: ba a tsayar da mai rakiya. Da ƙafa ake yin ta, kuma wanda ya tare ku da abin hawa ya katse muku zumunci. Malami yana yi, attajiri yana yi, ba wanda zai ce sun talauce.

Sai dai rakiyar da na sani a hankali ake yin ta, hannu a baya, ana taɓa hira. Tsohon nan kuwa dogo ne, taku ɗaya nasa biyu nawa ne, kuma ba ya waiwaye. Kafin mu wuce rabin tirelolin rigata ta manne a jikina. Da muka isa shinge ya karɓi farantinsa, ya ce in koma haka nan, ya gode. Na juya ke nan sai na ji shi a kafaɗata.

"Bari in taka maka kaɗan."

Ya rako ni har wajen masu sayar da mai a kwalba. Ni kuma ba zai yiwu in bar dattijo ya koma shi kaɗai ba, sai na sake karɓar farantin na mayar da shi shinge. Ma'aikatan da ke zaune a wurin suna ta kallonmu. Ɗaya ya tambaya ko mun manta wani abu ne. Tsohon ya ce a'a, gaisawa muke yi.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Abin ya zama ka'ida: a sallame la'asar, ya rufe faranti, ya miƙo mini. Bai taɓa ambaton suga ba, ni ma ban ambata ba. Hirarmu a hanya ba ta wuce damina da tsadar gero da yadda 'yan duwan ɗin can, wato kwastan nasu, suka sake shugaba. Ranar da bai zo kasuwa ba, ina zaune ina tunanin yau an huta, sai ga mai faci ya wanke hannu ya tsaya a ƙofar shago ya ce yau shi ne baƙo. Gidansa yana bayan shagona, ana jin tarinsa daga nan. Na raka shi har shinge, ya rako ni muka dawo. Daga baya wani direba ɗan Mazanya ya shigo ciki, shi ma an ce masa yana bakin ƙofa. Wata rana mukan kai mu huɗu, har ba a gane wa ke raka wa. 'Yan acaɓa suka saba, sukan yi mana hon su wuce. Maganar sayar da babur ta mutu da kanta.

Jiki ya fara sauyawa. Nauyin da nake ji bayan azahar ya ragu, na daina gyangyaɗi a kan keke, zariya ta fara yin saura. Da na je gwaji na uku, 'yar Kaduna ta dubi takardar ta ce an fara komawa baya, in ci gaba da duk abin da nake yi, kada in sake in tsaya, don in na tsaya zai dawo. Ta sa na ba da labarin rakiyar a zaman rumfa. Wata tsohuwa ta ce su mata ai sun daɗe da sanin wannan, maza ne sai an koya musu komai.

Ana nan sai tsohon ya ba ni wata rigarsa in gyara masa wuya. Na gyara, na saɓa ta a kafaɗa da niyyar in ba shi in mun isa shinge. Muka yi rakiyarmu, ya taka mini, na mayar da shi, muka yi sallama. Sai da na yi nisa na ji rigar a kafaɗata. Na juya. A shinge na nuna wa ma'aikatan rigar, suka ce in wuce, ai bai yi nisa ba.

Na duba hanyar da ta miƙe zuwa ƙauyensu, ba kowa a kanta. A gefe akwai wata tirela da ta daɗe da lalacewa a wurin. Na zagaya ta bayanta sai na ji murya, na tsaya.

Yana zaune a kan tsohuwar taya, ya naɗe wandonsa har cinya. Gwiwoyinsa duka biyu a kumbure suke, ta hagu ta fi, yana shafa musu man zafi yana cije leɓe. Ɗan kabu-kabun nan nasa, magidanci ne ba yaro ba, yana tsaye riƙe da farantin, babur a gefensa.

"Baba, wanga abu ya ishe ka haka nan," in ji shi. "Kullum ka sa ni laɓewa nan bayan kamiyo kamar ɓarawo. Bari in riƙa zuwa shago in ɗauke ka kamar da."

"Kai dai ɗaga ni."

Ya ajiye farantin, ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi, ya ɗora masa ƙafar hagu a kan babur da hannunsa. Suka tafi. Ba su gan ni ba.

Na dawo da rigar a kafaɗa. Kunya ta kama ni, da wani abu mai kama da fushi, ban san da wa ba. Ni da nake gane mutum ya rame ko ya ƙara ƙiba daga nesa, na yi watanni ina bin bayan tsohon nan ina haki, ban taɓa duban yadda yake taka ƙasa ba. Na faɗa wa mai ɗakina. Ta ce in na nuna masa na gani, na kunyata shi, ba zai ƙara zama a inuwata ba. In kuma na ce na daina rakiya, na mayar masa da alherinsa. Na ce to yaya zan yi. Ta ce ita dokar tuwo aka ba ta, ba wannan ba.

Da safe na ba shi rigarsa na ce mantawa na yi jiya. Ya duba ɗinkin wuyan ya ce ya yi. Na faki ido na je wurin mai faci na roƙe shi yau ya zama baƙo, ban gaya masa dalili ba. Ya ce to. Amma da aka sallame la'asar, kafin mai faci ya gama wanke hannu, tsohon ya riga ya rufe farantinsa ya miƙo mini. Na karɓa.

Na yanke shawarar in tafi a hankali. Na tsaya na gaisa da mai nama, gaisuwa mai tsawo, har na tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya na gyara takalmi wanda ba abin da ya same shi. Na sa hannu ɗaya a baya, na fara ba da labarin wani zare da ya yi tsada. Tsohon ya yi gaba, ya kai tirela ta uku, ya ga ba na bayansa. Ya tsaya ya juyo, ya jira har na iso. Ya dube ni na ɗan lokaci.

"Tela, ɗaga ƙahwa. Ba haka anka ce ka riƙa yi ba."

Bai taɓa ambaton maganar ba sai ran nan. Ya juya ya ci gaba da dogon takunsa, yana ɗan jan ta hagu. Na gyara riƙon farantin na bi shi da sauri.